Zafi da danshi a injin ƙyanƙyasar ƙwai: tambayoyi da amsoshi

Zafi nawa ƙwan kaza yake buƙata?

In injin mai fanka ne, digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyos. Wanda ba shi da fanka zafinsa sama yake taruwa, don haka a auna daidai kan ƙwan, a tsaya kusa da 38.5. Lambar da ke allon injin takan yi ƙarya. A kunna shi kwana guda kafin a zuba ƙwai, a saka ma'aunin zafi irin na asibiti a ciki a gwada. Zafi in ya yi yawa, 'yan tsaki kan fito kafin kwana 21, ƙanana, cibiya ba ta rufe ba. In ya haura 40 ya daɗe, sai baragurbi. In ya gaza, ƙyanƙyasa ta makara.

Danshi fa?

Kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har rana ta 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. A ranar 18 ɗin ake daina juya ƙwai, a kuma daina buɗe murfi.

Na cika faranti da ruwa amma danshi ya ƙi hawa. Me ya jawo?

Faɗin ruwan ne ke ba da danshi, ba zurfinsa ba. Da hunturu iskar Kano ko Maraɗi kan bushe ƙwarai, faranti ɗaya ba ya isa. A ƙara na biyu, ko a jiƙa soso mai tsabta a ajiye a gefe, da ruwa mai ɗumi don kada zafi ya faɗi. A watan Agusta kuwa ragewa ake yi. Wasu kan toshe kafofin iska don su tare danshi. Kuskure ne, tsakon da ke cikin ƙwai yana numfashi ta ɓawo.

Ta yaya zan gane danshin ya yi daidai?

Ƙwan da kansa ya fi kowace na'ura faɗin gaskiya. A haska shi da tocila a ɗaki mai duhu ranar 7, 14 da 18, a duba gurbin iskar da ke ɓangarensa mai faɗi. Dole ya riƙa girma. Mai sikeli ya auna: ƙwai na rasa kusan kashi 12 na nauyinsa zuwa rana ta 18, wato mai giram 60 ya dawo wajen 53. Gurbin ya yi ƙanƙanta, danshi ya yi yawa, tsako kan mutu cikin ruwa kafin ya fasa. Gurbin ya yi girma da yawa, danshi ya gaza, fatar ciki ta bushe ta manne masa, ya tsaga ɓawo amma ya kasa fita.

In an ɗauke wuta?

Kada a buɗe. A lulluɓe injin da bargo, a bar kafar iska. Sanyin 'yan sa'o'i ba ya kashe ƙwai kamar yadda zafi mai yawa ke yi.

Ƙwan zabi haka yake?

Zafin ɗaya ne, amma kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka, sai a daina juyawa wajen rana ta 24.