Sabis ɗin mota: juye, filta da gasket

Sabis shi ne aikin da ake yi wa mota lokaci-lokaci na sauya abubuwan da ke ƙarewa da aiki, musamman mai da ruwa, da filtocin da ke tace su, da kuma gasket da ke hana su yoyo.

Mafi yawan abin da ke kai direba gareji shi ne juye, wato zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. Bakanike yakan bar injin ya ɗan ɗumama domin man ya saki jiki, sannan ya kwance notin da ke ƙasan inji ya tara kasko. Lambobin da ke jikin galan, irin su 20W-50 ko 5W-30, ma'aunin kauri ne na SAE, ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka: na farko yana nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, na biyu kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Man gama-gari ana juye shi bayan kimanin kilomita 5,000, na zamani da ake haɗawa a masana'anta yakan kai 10,000 ko fiye, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Filtar mai, wadda Ernest Sweetland da George Greenhalgh suka ƙirƙiro a Amurka a 1923, tare da man ake sauya ta. Kuskure ne babba a zuba sabon mai a bar tsohuwar filta don tsimin kuɗi, domin dattin da ta tara zai koma cikin man. Kafin a ɗaura sabuwa, bakanike yakan lakato mai da yatsa ya shafa wa zoben robarta, ya ɗaure ta da hannu kawai.

Filtar iska kuwa takarda ce mai ninki-ninki. A ƙasar Hausa ƙurar hunturu kan toshe ta tun kafin wa'adinta, sai mota ta yi nauyi ta riƙa shan fetur. Akwai kuma filtar fetur ko gas.

Man birki, irin mai lamba DOT 3 da DOT 4, yana tsotsar danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa yakan tafasa a kusan digiri 155, har birki ya yi laushi a gangare. Shi ya sa ake son sauya shi duk shekara biyu.

Gasket shimfiɗa ce ta roba, takarda ko ƙarfe da ake sawa tsakanin sassa biyu. Mafi muhimmanci ita ce wadda bakanikai ke kira tof gasket, tsakanin kan inji da gangar jikinsa, inda take raba wutar silinda da hanyar mai da ta ruwa. Zafin inji ne ke ƙona ta, kuma sau da yawa laifin daga lagireto yake: ruwan rijiya zalla yana kawo tsatsa da kanwa, alhali ruwan lagireto na kanti yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa. Idan tof gasket ta ƙone, alamun ba sa ɓuya. Farin hayaƙi zai riƙa fita ta salansa, lagireto ya yi ta kumfa, a zaro sandar awon mai a gan ta kamar shayi da madara. Gyaran yana son haƙuri. Sai an kankare tsohuwar tas, a auna kan injin ko ya lanƙwashe, in ya lanƙwashe a kai shi wurin masu gogewa. Notunan kuma ana ɗaure su bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Tof gasket da aka taɓa matsewa ba a mayar da ita, ko da ta yi kyau a ido.