EN 1729: ƙa'idar Turai da ta ce a auna ɗalibi kafin a ƙera masa kujera

Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya zagaya mutum da tef. Shi kuwa kafintan da aka ba aikin kujerun aji, sau da yawa adadi kawai ake gaya masa: guda ɗari uku, a kawo kafin a dawo hutu. A Turai an rubuta ƙa'ida don magance wannan, sunanta EN 1729. Hukumar daidaita ma'aunin kayayyaki ta Turai, wato CEN, ita ta fitar da ita a 2006, aka sabunta kashin farko a 2015. Kashi na farko na awon kujera da tebur ne a makarantu, na biyu kuma na ƙarfinsu da amincinsu, kada su karye ko su kife da mai zama.

Ƙa'idar ta raba kujeru gida takwas, daga lamba 0 zuwa 7, kowace lamba da launinta. Ƙananan na yaran naziri da firamare ne. Ɗan jami'a ruwansa da uku na ƙarshe. Lamba 5, kore, mazauninta santimita 43 daga ƙasa, teburinta 71, an yi ta don mai tsayin 146 zuwa 176.5. Lamba 6, shuɗiya, 46 ce da tebur mai 76, ta mai tsayin 159 zuwa 188. Lamba 7, ruwan ƙasa, 51 ce da tebur mai 82, ta dogaye daga 174 zuwa 207. Ana buƙatar maƙeri ya sa lambar ko launin a jikin kayan, ta yadda mai shiga aji zai gane tasa da ido.

Mai lura zai ga awon ya shiga juna. Ɗaliba mai santimita 170 ta faɗa cikin kore, ta kuma faɗa cikin shuɗiya. Da gangan aka yi haka, domin mutum biyu kan yi tsayi ɗaya, ɗaya ƙafa ce ta ba shi tsayin, ɗayan gangar jiki. Abin da ke raba gardama shi ne awo daga tafin ƙafa zuwa bayan gwiwa idan mutum yana zaune. Daga 40.5 zuwa 43.5 kore ce, daga nan zuwa 48.5 shuɗiya, abin da ya haura haka sai ruwan ƙasa.

A nan zuciyar maganar take, kuma shi ne wurin da na fi so masu sayen kujera su tsaya. Kujerar da ta yi wa mutum tsayi tana barin ƙafarsa na reto, bakin mazauni ya danne ƙasan cinya inda jijiyoyin jini suka bi, kafin a yi nisa da lacca ƙafa ta sage. Sai ya zame gaba don ya taka ƙasa, bayansa ya rabu da majingina. Wadda ta yi masa gajarta kuwa tana ɗaga gwiwa sama, nauyi ya koma kan mazaunai, gadon baya ya lanƙwashe. Zurfin mazauni ma da nasa awon: 38, 42 da 46 a lambobin nan uku, don a bar rata tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. Tebur idan ya yi tsawo kafaɗa ce ke ɗagewa wajen rubutu, idan ya yi ƙasa wuya ke biya. Malami zai ga ɗalibi yana ta mutsu-mutsu ya ɗauka rashin natsuwa ne, alhali jikinsa ne ke neman sauƙi.

Ba a kai kowa kotu don ya saɓa wa EN 1729, ƙa'ida ce ta ganin dama. Wajibin da ke kan ƙasashen CEN shi ne su mayar da ita ma'auninsu na ƙasa, shi ya sa ake ganin BS EN 1729 a Birtaniya, DIN EN 1729 a Jamus. Haƙoranta suna fitowa ne ranar da makaranta ta rubuta ta cikin takardar kwangila. Daga nan ɗan kwangilar da ya kawo abin da bai cika awo ba ya karya yarjejeniya, ana iya mayar masa da kayansa.

Tana da giɓi babba, kuma a jami'a ya fi ciwo. Ba ta shafi kujerun da ake jerawa a haɗe a kafe su a ƙasa ba, irin na manyan zaurukan lacca, inda dogo da gajere ke zama kan awo ɗaya ba damar matsarwa.

A Najeriya, inda TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ke ba da kuɗin gina zaurukan lacca da zuba musu kujeru, ba sai an jira doka ba. Ba kuma daidai ba ne a kwafo rabon Turawa a ce shi ne namu. Jami'a na da ɗalibanta a hannu, maza da mata. Tef ɗin tela da benci ɗaya sun isa a auna bayan gwiwar sabbin ɗalibai lokacin rajista, a san kore nawa, shuɗiya nawa, ruwan ƙasa nawa za a rubuta wa ɗan kwangila.