Tamasai

Tamasai sarƙar wuya ce ta duwatsun gilashi da matan ƙabilar Ainu ke sawa a tsibiran Hokkaido (arewacin Japan) da Sakhalin (gabashin Rasha). Idan aka rataya mata faifan ƙarfe a tsakiya, ana kiran faifan shitoki, wani lokaci ma sarƙar duka takan ɗauki wannan sunan.

Yadda ake shirya ta

Ana jera duwatsun a zare mai ƙarfi, manya daga ƙasa inda sarƙar ke sauka a ƙirji, ƙanana suna hawa zuwa wuya, ɓangaren dama daidai da na hagu. Shuɗi aka fi so, sai baƙi da fari. Faifan yakan zama katako da aka lulluɓe da ƙarfe mai zanen fure, ko tsohon madubin tagulla, ko ƙarfen da ke kare hannu a ƙotar takobin Japan. A wasu sarƙoƙin akan saƙala tsabar kuɗin Sin masu huda tsakanin duwatsu. Sarƙar na da nauyi, zare na cinyewa, don haka akan sake jera ta. Shi ya sa sanin shekarunta ke da wuya: dutsen kaka da na jika na iya haɗuwa a zare ɗaya.

Inda duwatsun ke fitowa

Ainu ba su narka gilashi ba, saye suke yi. Tsohuwar hanya ita ce cinikin Santan: 'yan kasuwar bakin kogin Amur, a gabashin Asiya, na kawo duwatsu da alharinin Sin zuwa Sakhalin, su karɓi fatun dabbobi masu laushin gashi. Mamiya Rinzo, wani mai binciken ƙasashe ɗan Japan, ya isa kasuwar Deren ta daular Qing ta Sin, a bakin kogin Amur, a 1809 ya ga wannan musaya da idonsa. Daga baya duwatsun da aka ƙera a Japan suka shigo ta hannun 'yan kasuwar masarautar Matsumae ta Japanawa da ke kudancin Hokkaido. An tono duwatsun gilashi a kaburburan Hokkaido da ake ƙiyasta sun kai ƙarni na 15 ko kafin nan. Masana ba su daidaita kan maƙerar wasu duwatsun ba.

Amfani

A da akan sa ta a bukukuwa, kamar Iyomante, bikin sallamar kurwar beyar. 'Ya kan gaje ta daga uwa, ko a binne mace da ita. Ana haɗa ta da rekutunpe, ɗamarar wuya ta ƙyalle, da 'yan kunne masu suna ninkari, waɗanda gwamnatin Japan ta zamanin Sarki Meiji ta hana maza sawa a 1871.

A yau akan gan ta a wajen rawar gargajiya da gidajen tarihi irin su Upopoy da ke garin Shiraoi a Hokkaido, wanda aka buɗe a 2020.