Bayan saki, a hannun wa shari'a ta bar 'ya'ya?

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, da zarar an yaye yaron matar da aka saka, sai gwaggonsa ta iso da zanen goyo ta ce an turo ta ɗaukar ɗansu. Uwa na kuka, danginta na ba ta haƙuri, wai ɗa na uba ne. Wannan al'ada ce kawai, kuma alƙali ba da ita yake yanke hukunci ba.

Kotunan shari'ar Musulunci a arewacin Najeriya mazhabar Malikiyya suke bi, da littattafai irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa. Abin da ke cikinsu a fili yake: uwa ce ta fi cancantar riƙo, wato hadana. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Babu zancen uba ya karɓe yaro idan ya kai shekara 2 ko 7. Uba kuma bai huta ba, domin ci da sha da sutura da magani da kuɗin makaranta duk suna wuyansa, gwargwadon ƙarfinsa. Shi ne waliyyi, yana da bakin magana kan karatun yaro da aurensa, kuma ba a hana shi ganin ɗansa.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne idan uwar ta sake aure. Gaskiya ne haƙƙinta yana faɗuwa idan ta tare da mijin da ba muharramin yaron ba, bisa hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ce wa wata mata ita ta fi cancantar ɗanta muddin ba ta yi aure ba. Sai dai riƙon ba kai tsaye yake komawa ga uba ba. Kakar yaron ta wajen uwa ce a gaba, sai 'yar'uwar uwar, sai kaka ta wajen uba, kafin layi ya zo kansa. Maza da yawa a gaban alƙali suke fara jin wannan, wasu har su ɗauka an yi musu rashin adalci. Ni dai ina ganin hikimar a bayyane take, tunda yaron da aka kai gidan uba galibi a hannun kishiyar uwarsa yake ƙarewa.

Mai riƙo ma da nata sharuɗɗan: hankali, amana, lafiyar da za ta iya ɗawainiya, da muhallin da yaro zai tsira. Uban da ya ce tsohuwar matarsa ba ta cika su ba, shi zai kawo shaidu. Faɗa da baki ba ya wadatarwa. Akwai kuma batun nisa. Idan uba zai ƙaura ya zauna a garin da ya kai tafiyar mil 72 a lissafin malaman fiƙihu, yana iya tafiya da ɗansa, sai fa in uwar za ta bi su can. Tafiyar fatauci ba ta shiga ciki.

Ana shigar da ƙara a kotun shari'a ta yankin, ko da yake a Kano mutane da yawa kan fara zuwa Hisba neman sulhu. Wanda hukunci bai gamsar ba zai iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin sauraron irin waɗannan batutuwa.

Waɗanda suka yi auren rajista kuwa Babbar Kotu za su nufa. Can dokar shari'o'in aure ta 1970 ce ke aiki, kuma ba ta jera dangi ba. Sashe na 71 ya ce maslahar yaro ce a kan gaba, don haka alƙali zai duba shekarunsa, wanda ya saba da shi, makarantarsa da halin iyayen biyu, sannan ya tsara wanda zai riƙe da lokutan ziyarar ɗayan.