Wai me ake nufi da "ƙasa mai ba da tallafi" a Bankin Raya Afirka?

Sau da yawa a labarai sai ka ji an ce Japan ko Jamus ta ƙulla haɗin gwiwa da Bankin Raya Afirka, za ta zuba dala miliyan kaza, sai mutane su ɗauka sadaka ce aka miƙo shi kenan. Gaskiya abin ya wuce haka.

An kafa bankin a 1964, hedikwatarsa na Abidjan, kuma da farko ƙasashen Afirka ne zalla a ciki, sai da aka ga jarin gida ba zai isa ba aka buɗe wa na waje ƙofa a 1982. Yanzu mambobi 81 ne, 54 na Afirka, 27 na waje, amma an tsara cewa kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u na hannun 'yan gida. Kenan ƙasar da ake ce wa mai tallafi ita ma mai hannun jari ce, tana da ƙuri'arta.

Ga inda abin ya fi burge ni. Mafi yawan jarin da suke saya ba tsabar kuɗi suke biya ba, ɗan kaɗan suke ajiyewa, sauran duk alƙawari ne cewa in bankin ya kasa biyan bashinsa a kira su su cika. Kamar dai attajirin da ya tsaya maka a wurin mai ba da rance, bai ciro ko sisi daga aljihunsa ba amma ganin fuskarsa ya sa aka yarda da kai. Har yau ba a taɓa kiran kuɗin nan ba, amma sunan Amurka da Japan da Kanada da ke jiki yana cikin abin da ya sa bankin ke da darajar AAA, wato matakin amana mafi girma wajen iya biyan bashi, ya je kasuwannin duniya ya ciyo bashi da ruwa kaɗan, ya dawo ya ranta wa ƙasashe su yi hanya ko tashar wuta.

Inda ake zuba kuɗi na gaske shi ne Asusun Raya Afirka da aka kafa a 1972 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wani kyauta wani rance mai sauƙin ruwa. Duk shekara 3 ake zama a sake cika shi, a zaman Disamba 2022 a Maroko an tara dala biliyan 8.9.

To su me suke samu? Ruwa ba ya tsami banza. Kujeru 7 cikin 20 na daraktocin bankin nasu ne, kamfanoninsu na shiga neman kwangila, kuma a teburin cika asusu suke faɗin inda suke so kuɗin ya karkata. In ba a manta ba a 2020 Amurka ce ta dage sai an kawo 'yan waje sun duba zargin da aka yi wa shugaban bankin na lokacin, Akinwumi Adesina, kwamitin da tsohuwar shugabar Ireland Mary Robinson ta jagoranta ya wanke shi. Sannan a 2025 gwamnatin Trump ta kawo shawarar soke dala miliyan 555 na gudummawar Amurka ga asusun, shekarar da Sidi Ould Tah ɗan Mauritaniya ya karɓi shugabancin bankin.