Ɗanmu zai tafi karatu waje: tambayoyin da iyaye da dangi ke yi a Damagaram

Duk shekara in sakamakon BAC ya fito, bayan an gama guɗa da barka, gidaje da yawa a Birni da Zango da Sabon Gari kan shiga wata sabuwar shawara. Yaro ko yarinya na son tafiya karatu wata ƙasa, iyaye na so suna tsoro, dangi kuma kowa da tasa. Ga tambayoyin da suka fi fitowa a irin wannan zama.

Yaro ya ci BAC, ya ce shi waje yake so. Mu goya masa baya ko mu ce ya zauna?

Kafin ku ce e ko a'a, ku tambaye shi abin da zai karanta. In ya amsa da sunan ƙasa, ya ce Faransa ko Turkiyya ko Kanada, to shawararsa ba ta nuna ba tukuna. In ya amsa da sunan fanni, ya kuma iya faɗa muku jami'ar da ke koyar da shi da shekarun da zai ɗauka, wannan yaro ya cancanci a zauna da shi.

Sannan a duba ko ana koyar da fannin a gida. Muna da Jami'ar André Salifou a nan Zinder, wadda aka kafa a 2010, ga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tun 1971, ga Jami'ar Musulunci ta Say. Tsarin karatun da ake bi yanzu shekara 3 ne na lisans, 2 na masta, 3 na dakta. A ganina, gidan da ƙarfinsa bai kai ba ya fi masa alheri yaro ya yi lisans a gida, ya fita a masta. Nauyin shekara 2 ba ɗaya yake da na shekara 5 ba, yaron ya ƙara hankali, kuma ya riga ya nuna a takarda cewa karatu yake yi.

To nawa ne kuɗin?

Yawancin gidaje a nan suke tuntuɓe, domin lissafinsu kan tsaya a kuɗin jirgi da na rajista. Waɗannan sau ɗaya ake biyan su, kuma su ne kowa ke son ya sa hannu a ciki, saboda lokacin zumuɗi ne. Abin da ke karya ɗalibi shi ne kuɗin ɗaki da na abinci a wata na bakwai, lokacin da dangi sun koma harkokinsu.

Yuro ɗaya sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka, saboda a ɗaure suke da juna. Faransa, har a 2025, tana neman ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 a kowane wata kafin a ba shi biza, wato kusan jika 403, ko miliyan 4 da jika 800 a shekara. Jamus a 2025 tana neman a ajiye yuro 11,904 a wani asusu na musamman da ɗalibi ke cira kaɗan-kaɗan, kusan miliyan 7 da jika 800 ke nan. Wannan na zama ne kawai. Ga kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai da aka rufe tun Janairun 2024, abin da ya sa hanyar ta ƙara tsawo da tsada ga ɗan Nijar. Dokokin biza na canzawa da sauri a shekarun nan, saboda haka a tambayi ofishin jakadancin ƙasar da kansa a shekarar da za a tafi, kada a dogara da labarin wanda ya tafi bara.

Ƙasashen UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, labarinsu daban. Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo duk sefa ɗaya muke kashewa da su, kuma tun 2005 ƙungiyar ta zartar cewa ɗalibin kowace ƙasa a cikinta zai biya kuɗin rajista daidai da ɗan ƙasa a jami'o'in gwamnati. Dakar ko Wagadugu ko Kwatano ba su da kwarjinin Paris a bakin mutane, amma gida mai matsakaicin hali zai iya riƙe yaro can har ya gama. Kano ma, da ba ta wuce kilomita 250 daga nan ba, wuri ne da ake karatu, in yaro zai jure koyon Ingilishi.

A sa waɗannan ma a lissafi: kuɗin ajiya da mai gida ke karɓa kafin ya ba da makulli, inshorar lafiya, sabunta takardar zama kowace shekara, tufafin sanyi, kwamfuta, da zirga-zirgar Yamai, kusan kilomita 900, wadda da wuya a yi ta sau ɗaya a gama.

Dangi sun ce za su taimaka. Yaya za a tsara abin?

A kira zama tun kafin a cika takardar farko. Baffanni da kawunnai da gwaggwanni da yayye, har da wanda ke Agadas ko Libiya ko Legas a sa shi a waya. A karanta musu lissafin shekarun duka, kowa ya ji adadin da kunnensa. Sannan kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa a wata ko a shekara, a rubuta. Na san rubuta alkawarin ɗan'uwa yana da nauyi a al'adarmu, wani zai ce ba a yarda da shi ba ne. A lallashe shi. Rubutun na kare zumunci ne, don bayan shekara biyu ba wanda zai tuna abin da ya ce, kuma daga nan ake fara gaba.

Jika 10 da ke zuwa kowane wata ba fashi ta fi jika 200 da aka bayar ranar rakiya aka yi shiru. Manomi ya ce da kaka zai bayar, ɗan kasuwar Dole ya ce duk mako, ma'aikaci ya ce ƙarshen wata, duk daidai ne in an san lokacin. Mata kuwa, adashinsu ya riƙe ɗalibai da yawa ba a faɗa ba. In Inna za ta sa kwasarta, a daidaita ta da watan biyan rajista. A kuma tuna azumi da sallar layya da lokacin shuka, watannin da hannun kowa ke ƙuntata, a tara na waɗannan tun da wuri.

Mutum ɗaya amintacce ya riƙe kuɗin, shi ke karɓa, shi ke aikawa, shi ke ba da bayani a rukunin WhatsApp na gida. A bincika tun yanzu ko Nita ko Amana ko Al Izza na kai kuɗi garin da yaron zai zauna, ko sai ta Western Union ko banki, da abin da kowanne ke cira.

Maganar sayar da kadara kuma, ina roƙon iyaye su yi hattara. Sa ko rago in an sayar ana iya mayar da shi. Gonar gado da ake ci daga gare ta, da gidan da ƙanne ke kwana, in sun tafi sun tafi, kuma yaron zai yi karatunsa da wannan nauyi a zuciya. In sai an sayar da gona tafiyar za ta yiwu, a nemi ƙasa mai sauƙi ko a jinkirta shekara guda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bursi fa? Ina ake samun ta?

Hukumar ANAB a Yamai ita ke kula da bursin ɗaliban Nijar, kuma ta hannun gwamnati ne guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke ba Nijar suke biyowa. Maki mai kyau a BAC shi ne mabuɗin. Turkiyya na da shirin Türkiye Bursları, wanda ɗalibi ke nema da kansa ta intanet, kyauta, galibi tsakanin Janairu da Fabrairu. Yana ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da tikitin jirgi da inshora da shekara guda ta koyon Turkanci, amma mai neman lisans sai bai kai shekara 21 ba, mai neman masta bai kai 30 ba. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci da Larabci kuma suna da hanyar Azhar a Masar da Jami'ar Musulunci ta Madina.

Samun bursi ba ya sauke dangi. Kowace iri ce tana iya jinkiri, wata kuma ba ta isa kuɗin ɗaki. A ajiye wa yaro abin da zai riƙe shi wata uku ko da ba a biya shi ko dala ba.

Wani ya ce in an ba shi miliyan ɗaya zai samo gurbi da biza. Mu ba shi?

Kada ku ba shi. Biza ofishin jakadanci kaɗai ke bayar da ita, ba wanda zai iya lamunce muku ita. Takardar karɓa daga jami'a take fitowa, da sunan ɗalibi, kuma ana iya rubuta wa jami'ar a tabbatar. Kuɗin makaranta asusun makaranta ake zuba shi, ba na wani mutum ba. Wanda ya ce a yi sauri yau-yau, ko ya ce kada a gaya wa kowa, ya riga ya faɗa muku ko shi wane ne. Takardar banki ta jabu kuwa, in an gano, kan yaron take faɗawa, ta rufe masa ƙofa shekaru.

Akwai wata asarar da ta fi wannan ciwo: a gama shekara 3 ana biya, yaro ya dawo da digirin da ba a san da shi ba. In makaranta mai zaman kanta ce a ƙasashen Afirka masu Faransanci, a duba ko CAMES, hukumar da ke tantance digirorin waɗannan ƙasashe, mai hedikwata a Wagadugu, ta amince da digirin fannin da zai karanta, shi kansa fannin, domin makaranta ɗaya kan samu amincewa a wani fanni ta rasa a wani.

Mu abokansa ne na fada, ba mu da kuɗi. Me za mu iya yi?

Aikinku da yawa. Na farko takardu: ta haihuwa, ta ɗan ƙasa, sakamakon jarrabawa, takardar kotu mai shaidar ba shi da laifi wadda wata uku kawai take aiki, katin rigakafin shawara, fasfo, da kwafe-kwafen da ake buga wa hatimi. Ku zauna da shi ku duba harafi-harafi. A ƙasarmu sau da yawa za ka ga Mahamadou a wata takarda, Mahaman a wata, ko ranar haihuwa ta bambanta, kuma wannan kaɗai ya isa a mayar da mutum baya. Gyaransa na cin lokaci, a fara da wuri.

Mai ɗan'uwa a Yamai ya samo masa wurin kwana. Mai kwamfuta ya taya shi cika takardun intanet. Wanda ya san wani ɗalibin Nijar a garin da za shi ya haɗa su, don a samu mai tarbarsa a filin jirgi da inda zai kwana makon farko. Bayan ya tafi kuma, ku riƙa leƙa mahaifiyarsa, ku kira mata shi ta bidiyo in wayarta ba ta yi. Wannan na kwantar da hankalin na can fiye da yadda kuke zato.

In ƴa mace ce fa?

Tsoron iyaye a nan gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma tsoro ana magance shi da shiri: masaukin mata na jami'a ko gidan dangi da aka sani, wata babba a can da za ta zama mata uwar ɗaki, kuɗinta a hannunta a kan lokaci don kada buƙata ta kai ta ƙofar kowa. In akwai maganar aure, a yi ta a fili da ita da wanda ke nema tun kafin tafiya. Muna kukan ƙarancin likitoci mata a asibitocinmu, daga Zinder har Mirya da Magarya da Tanut. Yarinyar da ta fito da maki mafi kyau a ajinta, in an tsayar da ita aka tura ƙaninta da bai kai ta ba, an zalunce ta, an kuma zalunci matan da za ta duba.

In ya isa ba zai kama aiki ya riƙa turo mana ba?

Baba, Inna, ku cire wannan daga lissafi. A Faransa doka ta ba ɗalibin waje awa 964 na aiki a shekara, kusan awa 20 a mako, abin da ke ciki da ƙyar ya biya ɗaki. A Maroko da Aljeriya da Senegal, inda ƴan ƙasa ma ke neman aiki, samunsa da wuya. Yaro ya turo hoto cikin rigar sanyi a gaban wani dogon gini, sai ƴan'uwa su fara kira, wannan na biki, wancan na suna. Kunya ta hana shi cewa babu, ya bar aji ya tafi wankin kwanuka, ya faɗi jarrabawa, takardar zamansa kuma da cin jarrabawa take tafiya. Babba a gida ya tsaya ya faɗa wa dangi cewa ba mai roƙon yaron nan komai sai ya gama.

Wane guzuri za a haɗa masa?

Yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a ɗaure da kyau. Kilishi kuwa, in Turai za shi, a bar shi a gida, domin ba a shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga waje.

In abin ya ɓaci a can fa?

Yana ɓaci. Yaƙin Yukren a Fabrairun 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun tarwatsa ɗaliban Afirka masu yawa, wasu sun baro Khartum ba ko takardar da ke nuna shekarun da suka yi. Don haka da ya isa ya rubuta sunansa a ofishin jakadancin Nijar mafi kusa da ƙungiyar ɗaliban Nijar ta garin. Kowace shekara ya karɓi takardar sakamakonsa ya turo hotonta gida. Mai riƙe da kuɗi ya ware na tikitin dawowa, kada a taɓa shi ko da me ya taso.

Ɓacin da ya fi yawa kuwa ba na yaƙi ba ne. Yaro ya faɗi shekarar farko, ko kaɗaici da sanyi su kwantar da shi, ya yi shiru da bakinsa don ya san abin da aka sayar aka tura shi. Wasu haka suke ɓacewa shekaru, ba karatu ba dawowa. Tun ranar sallama mahaifi ya gaya masa a gaban mutane cewa in ya faɗi ya faɗa, in ya gaji ya dawo, ɗakinsa na nan. A kuma zaɓi mutum ɗaya, yaya ko kawu ko aboki, wanda yaron ba ya jin nauyinsa, ya riƙa kiransa duk mako yana tambayar abin da ya ci da yadda jarrabawa ta kasance.