Sarrafa Allon Mota da Ishara: Me Ya Sa Hannun Direba Yake Bukatar Amsa?

Yaya wannan tsari yake aiki?

Ana kafa kyamara a rufin mota daga ciki, tana lura da motsin hannun direba a gaban allo. Kamfanin BMW ya fito da tsarin a motarsa 7 Series a 2015: direba ya juya yatsa a iska kamar mai zana da'ira, sai sautin rediyo ya ƙaru ko ya ragu, ya nuna allon da yatsa ya amsa kira, ya kaɗa hannu gefe ya ƙi amsawa.

To ina matsalar take, tunda manufar ita ce idon direba ya zauna a kan titi?

Matsalar ita ce iska ba ta mayar da amsa. Wanda ya saba da maɓalli yakan lalubo shi ba tare da ya duba ba, ya ji tudunsa a ƙarƙashin yatsa, ya danna, ya ji ya nutse ya dawo, hankalinsa ya kwanta cewa aiki ya yiwu. Mai ishara kuwa hannunsa yana yawo ne a sarari, bai san ko ya shiga inda kyamarar take gani ba, bai kuma san ko na'urar ta fahimce shi ba, don haka sai ya saci kallon allo domin ya tabbatar. Wannan satar kallo ba ƙaramin abu ba ce. A 2013 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ba masu ƙera motoci shawarar kada kallo ɗaya ya wuce daƙiƙa 2, kuma motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 56 a cikin wannan ɗan lokaci.

Ana iya sa mutum ya ji taɓi alhali bai taɓa komai ba?

Ana iyawa. Kamfanin Ultrahaptics, wanda ya samo asali daga Jami'ar Bristol ta Ingila a 2013, ya jera ƙananan lasifikoki masu fitar da sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam, aka tattara sautin a wuri guda, sai tafin hannu ya ji kamar ana hura masa siririyar iska. Kamfanin Bosch, mai ƙera kayan mota, ya nuna irin wannan a wata motar gwaji a 2017.

Jin wannan taɓi ya isa ya sa direba ya amince da na'urar?

A ganina bai isa ba sai amsar ta kasance mai gaskiya. Dole ta zo nan take, ta bambanta tsakanin "na ga hannunka" da "na aikata umarninka", kuma ta yi shiru idan direba ya ɗaga hannu ne kawai yana hira da fasinja. Idan na'urar ta sauya tashar rediyo sau biyu ko uku ba da nufinsa ba, yakan daina yarda da ita, ya koma duba allo ko ya kashe tsarin gaba ɗaya. Akwai kuma girgizar mota a hanya mai gargada da safar hannu, waɗanda duk suna dusashe taɓin da dama can bai da ƙarfi.

Waɗanne ayyuka ne bai kamata a bar wa ishara ba?

Duk wanda kuskure a cikinsa zai iya jawo haɗari. Euro NCAP, mai auna lafiyar motoci a Turai, ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina, hon, waifa, fitilun gargaɗi da kiran gaggawa suna da abin dannawa ko murɗawa na zahiri kafin ta ba mota cikakken maki.